Sunan Baba a Darasi na Bakwai

Gidan Sori, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena, Autanmu Mudassir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya Yamai da hayaniyarta? Ya amaryarmu Rahina, ina fata laulayin ya sake ta? Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi. An gama kaka, gero ya yi kyau, wake ne dai tsutsa ta ɗan taɓa. Baba Chindo, ɗan'uwan Baba, yana gaishe ka, ya ce in hanyar gida ce ta ɓace maka a aiko da mai yi maka jagora.

Na san za ka yi dariya ka ce Yaya Hasiya da takarda a wannan zamani. To, saƙonnin muryar da nake tura maka ba ka saurare, ina ganin alama. Takarda kuwa in direba ya danƙa maka ita hannu da hannu, ko don kunyarsa ka buɗe.

Ajin mata ya kankama. Na kafa rumfar kara a tsakar gida kusa da turken awaki, fanon rana, wato faifan sola, yana ba mu wuta. Ordinatar ɗin nan, wato kwamfutar da na sayar da ragunana ka sayo mini, tana aiki lafiya lau, kuma manhajar koyon karatu da kuka ƙera a porjenku, wato shirin da kake wa aiki, ta shiga ran mata. Hoto ya fito da baƙaƙe a ƙasansa, murya ta karanta, mace ta maimaita, in ta yi daidai na'ura ta tafa mata ta ba ta tauraro, darasi na gaba ya buɗe. Ranar farko da ta tafa wa Asama'u sai da ta zabura ta waiga tana neman masu tafin. Allah ya yi maka albarka, aikin ya yi kyau, ban faɗa don kana ƙanena ba.

Ga labarin da zai faranta maka rai. Inna ta shiga aji. Da farko gefe take zama tana ɓarar gyaɗa, tana cewa ita da karatu sai a lahira. Ranar da ta ji kai ne ka ƙera abin, kuma za ka zo da manyanka kafin damina ku ga ajin, sai ta ja tabarmarta ta dawo gaba. Ta ce tun da Autanta ya yi wahalar ƙerawa, ita ma za ta yi wahalar koyo, ranar da ka zo ta tashi a gaban baƙinka ta yi maka karatu da bakinta. Akwatin Auta take ce wa na'urar. Da hantsi in ta gama ba awaki dusa sai ta ɗauki tsinke tana zana baƙaƙe a ƙasa, kaji na bi suna sharewa tana korarsu da zagi. Cikin matan nan kaf ba wadda ta kai ta naci.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mun iso darasi na bakwai, sai ga hoton mutum da hauya a kafaɗa, a ƙasansa an rubuta: Ado ya tafi gona. Ni kaina da nake rubuta sunan yanzu hannuna ya yi nauyi. Na gane abin da ka nufa, ka sa sunan Baba ne don ka girmama shi, yara da manya a garuruwa su riƙa ambatonsa. Da na gani sai da ƙwalla ta zo mini. Amma Auta, ka manta da wadda za ta zauna gaban abin. Tun da aka kawo Inna gidan nan bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Yana raye mai gidan nan take cewa, da ya rasu ta koma cewa mai rasuwa. Ko yaron maƙwabta ne mai sunan, mai sunan Malam take kiransa. Ta dubi baƙaƙen ta gane su tun kafin murya ta karanta, na gani a fuskarta. Sai ta ja mayafi ta ce ta bar tukunya a wuta. Ba a ma hura wuta ba a lokacin.

Na gwada faɗa a madadinta, na'ura ta ƙi, don ta riƙe muryar kowace mace tun ranar farko. Na tuna ka ce kun yi haka ne don kada malamai su riƙa amsa wa ɗalibansu. Na gwada tsallake darasin, shi ma babu hanya.

Sai na shiga cikin na'urar na bi a hankali har na gano dosiyen da darussan suke ciki, ga na bakwai nan, rubutunsa da muryarsa. Da na taɓa shi zan sauya, sai wata 'yar taga ta fito ta ce ba ni da izini, sai na mai iko da na'urar. Na duba sunan mai ikon, sai na ga naka, da gurbin da za a sa kod, wato lambar sirri. Ashe tun da ka saita ta a Yamai ka sa kanka a sama.

Abin mai sauƙi ne. Ka aiko mini da kod ɗin, ko ka kira ni ka faɗa ina bugawa. Suna ɗaya zan cire in sa wani, Zakari ma ya iya tafiya gona. Ba zan taɓa komai ba bayan wannan.

Ka gaida Rahina da kyau. Inna ta ba direba ƙullin kuka da daddawa ya kawo muku.

Yayarka,
Hasiya

Gidan Sori, ranar Lahadi

Ƙanena Mudassir,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai ɗan tari da ke damun Inna, shi ma da sauƙi.

Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsaye na sake karanta shi a zaune. Ka ce da gangan aka kulle dosiyen, don dole darasi ya zama iri ɗaya a kowane gari kafin manyanku su auna sakamako. Ka ce an sha ba malamai dama suna shiga suna ɓata abu. Ka rufe da cewa ai suna ne kawai, in lallashe ta.

Zan fara da maganar malamai masu ɓata abu, tun da ni ce malamar. Ina koyarwa a lakol, makarantar boko, kana yawo ba wando. Ni na riƙe hannunka ka zana baƙinka na farko a kan allo, kana kuka kana majina. Yau ni ce ba a yarda in sauya kalma ɗaya ba a na'urar da na saya da dabbobina. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba.

Sai maganar suna ne kawai. Auta, a ina ka girma? Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni. Ke, ko waccan, shi ne nawa. Ban taɓa jin ba ta sona ba, don na san a cikin wannan shirun ta ajiye ni. Haka ta ajiye Baba shekara da shekaru, kuma tun da ya rasu shi ne abin da ya rage mata da take yi masa kullum bayan addu'a. Kai da aka goya har ƙafafunka na jan ƙasa, ana kiranka Auta ana yi maka waƙa, wataƙila ba ka taɓa lura da abin da ba a faɗa a gidan nan ba.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Asama'u mijinta mai sunan ne, amma ita yarinya ce, ta rufe ido ta faɗa da gudu, ƙawayenta suka yi ta tsokanarta har aka tashi, ta wuce. Talatu kuwa ɗanta na fari ne mai sunan. Ta zo ta zauna gaban darasin ta ƙi faɗa, washegari ta aiko wai aiki ya yi mata yawa, har yau ba ta dawo ba. In manyanka na auna sakamako, ka ce su auna Talatu.

Inna ba ta fasa zuwa ba, wannan ne ke ci mini rai. Kullum ita ce ta farko a rumfa. In layinta ya zo sai ta ce a mai da ta darasi na ɗaya, ta bi su har na shida, na'ura na tafa mata, in an iso bakin na bakwai ta ce ta gaji a ba wata. Ta haddace su har tana riga muryar. Waɗanda suka fara tare da ita sun yi nisa, suna haɗa jimloli, ita tana nan tana zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke. Na gaya mata na roƙe ka ka buɗe, ka ce ba ya yiwuwa. Na zaci za ta yi fushi. Sai ta ce kada in matsa wa yaro, shi ya san aikinsa, kanta ne ya yi tauri. Na shiga ɗaki na yi kuka don haushi, ban san ko haushinka ba ne ko nata.

Ban ce ka sauya wa duniya darasi ba. Na'ura ɗaya ce, a rumfa ɗaya. In tsoron manyanka kake ji, gaya musu gaskiya, ka ce uwarka ce. Ban yi zaton akwai buro, wato ofis, da za a kori mutum don wannan ba.

Ina jiran amsarka. A gaida Rahina.

Yayarka,
Hasiya

Gidan Sori, ranar Litinin

Mudassir,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Zafi ya fara, ruwan rijiya ya yi ƙasa, amma muna godiya.

Tun da ka yi shiru, na ce bari in nemi hanya da kaina. Na naɗe na'urar a zane na hau kabu-kabu zuwa Gidan Rumji, wurin wani mai gyara da ake kira Safiyanu, shagonsa na bakin kasuwa. Mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa. Ya shiga inda na shiga, ya wuce nan, ya buɗe wurin da ake nuna wane ne mai dosiye da wanda aka yarda ya taɓa shi. Ya nuna mini sunana a ciki, an ba ni damar dubawa da buɗewa, an hana ni sauyawa. Ya ce da za a mai da mallakar dosiyen gare ni, in ba kaina cikakken izini, da magana ta ƙare. Ya gwada, taga ta fito da sunanka tana neman kod.

Sai ya ɗago kai ya tambaye ni, cikin ladabi dai, ko na'urar tawa ce. Shagon cike da samari masu cajin waya, duk suka juyo suna kallona. Na ce tawa ce. Ya ce to wane ne Mudassir. Na ce ƙanena ne. Ya ce ai sai in kira shi. Na kira ka a gabansu, ta yi ta ƙara ba ka ɗauka ba. Da furfurata na tsaya ana yi mini kallon wadda ta ɗauko kayan wani. Wannan kunyar kai ka ja mini ita.

Hanya biyu ya ba ni. Ko ya wanke na'urar tas ya sake zuba mata komai, sunanka ya fita, amma manhajar ta tafi, da muryoyin matan da duk inda kowace ta kai, kuma ba mai iya mai da ita sai ku. Ko kuma ya fasa kod ɗin ta bayan gida, amma ya ce irin waɗannan manhajoji suna kai rahoto buro, in aka ga an taɓa ana iya cire ajin daga porje. Na tuna matan da suka bar surfe da ɗiban ruwa suna zuwa rumfar nan, na ce ya bar ta. Ya ƙi karɓar ko sisi, ina jin tausayina ya ji. Na naɗe kayata na dawo.

Na koma dabarar da na sani. Na ɗauko allo da alli ina koya wa Inna darussan gaba ni da ita, ina tsallake abin da ya kamata a tsallake, yadda kowane malami mai hankali zai yi. Tana ɗauka da sauri, har mamaki take ba ni. Na fara samun kwanciyar rai, na ce ko akwatin bai buɗe ba za ta yi maka karatunta daga allo.

Sai ka kira ta ranar Juma'a ka rushe mini komai. Ina zaune kusa, na ji da kunnena. Ka gaya mata daga Yamai kana ganin inda kowace mace ta kai, ka yi dariya ka ce Inna an maƙale a bakwai, har Asama'u ta wuce ta, kada ta ba ka kunya gaban manyanka. Na san wasa kake yi, irin wanda ka saba yi mata. Ita ma ta yi dariya ta ce maka ɗan nema. Amma da aka kashe waya na kawo allo, sai ta ce in ajiye, tun da ba allo Auta ke gani ba, akwati yake gani.

Ba ta cin abinci sosai kwanakin nan. Tana yawan zama gaban na'urar ko a kashe take.

Ina roƙonka, kuma ka san roƙo ba halina ba ne. In takarda ake so in rubuta wa shugabanka in ce ni na ɗauki alhakin sauyin, zan rubuta. In ba ka yarda in san kod ɗin ba, kira Safiyanu ka gaya masa shi kaɗai, in sake hawa kabu-kabu in kai masa, in juya baya yana bugawa. Na yarda da wannan ma. Ka dai yi wani abu kafin ta yi wa kanta abin da ba ta so.

Yayarka,
Hasiya

Gidan Sori, ranar Alhamis

Mudassir,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma da rai.

Na ga saƙon barka da ka turo jiya da yamma, da taurari da hoton tafi, kana cewa ka ga Inna ta wuce bakwai, ai dama ka faɗa. Tun da lamba kawai ka gani, bari in gaya maka yadda aka yi.

Jiya babu aji, na tafi barkar haihuwa a unguwar gabas. Inna ta ce kanta na ciwo ba za ta je ba. Ashe ta daɗe tana kallon yadda nake kunna na'urar. Ta jira rana ta take, gida ya yi tsit, yara sun fita, sai ta shiga rumfa ita kaɗai. Abin da ba ta sani ba, Baba Chindo da abokan hirarsa sun baro ƙofar gidansa saboda rana sun dawo inuwar bishiyar bedin da ke bayan zananmu. Tsakaninsu da ita zana ɗaya ne.

Na dawo na shigo zaure sai na ji muryar na'ura tana karanta jimlar. Na tsaya cak. Na hango ta ta baya, ta durƙusa ta kai bakinta kusa da akwatin. Ta faɗa a hankali, ko ni ban ji ba, motsin kanta kawai na gani. Na'ura ta ce ba ta ji ba, a ɗaga murya. Ta sake, na'ura ta sake cewa a ɗaga murya. Na so in ruga in kashe abin, wallahi na kasa. Sai na ji muryar uwarmu ta fito sarai, ta kira sunan mijinta da ƙarfi a tsakar gidansa, ta ce ya tafi gona. Na'ura ta ɓarke da tafi.

Hirar bayan zana ta yanke. Can na ji Baba Chindo ya yi salati, ya ɗauki butarsa ya tafi, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ji tafiyarsu, ta gane. Ba ta waiga ba. Ta danna darasi na takwas.

Kafin la'asar magana ta zaga gari. A bakin rijiya ana cewa tsufa ya fara taɓa mata kai, wasu na cewa ni ce na sa ta don in burge 'yan porje. Yara sun ɗauka suna kwaikwayon muryarta a lungu suna tafawa, sai da na fita da kara. Baba Chindo kuwa yau da safe bai shigo gaisuwa ba, shi da bai taɓa fashi ba tun rasuwar ɗan'uwansa.

Ni da ita ba mu yi maganar ba, kuma ba za mu yi ba. Abu ɗaya ta ce mini, in tambaye ka ranar da za ku zo, tana so ta shirya.

Ba ni da abin da zan ƙara. Kada ka sake turo mini taurari.

Hasiya

Gidan Sori, ranar Asabar

Zuwa ga Mudassir,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa Yamai lafiya kai da baƙinka. Na ji Rahina ta kusa, Allah ya raba lafiya. Nan hadari ya fara haɗuwa, maza na gyaran gonaki.

Kod ɗin da ka turo daga hanya ya iso. Ka ce yanzu an gama awo, ina iya sauya abin da nake so. Na gode. Na buga shi, taga ta buɗe, na bi yadda Safiyanu ya nuna mini, na mai da dosiyen sunana, na ba kaina izini. Na cire sunan Baba na sa Zakari, na ɗauki sabuwar murya da bakina. Duka aikin bai kai a dama fura a sha ba. Na zauna ina kallon na'urar, na rasa abin da zan yi da sauƙin abin.

Ka tafi kana fushi, ka ce Inna ta kunyata ka gaban manyanka. Kana wurin, amma ban yi zaton ka ga abin da ya faru ba, shi ya sa zan gaya maka.

Tun daga ranar da ta wuce darasi na bakwai ba ta huta ba. Ta bi darussan kamar mai biyan bashin azumi, ba dariya, ba zagin kaji, har ta kamo su Asama'u ta wuce su. Ta zaɓi abin da za ta karanta maka da kanta, labarin nan na darasin ƙarshe a kan ruwan farko da shuka. Ta maimaita shi har na haddace shi ina daka. Ana jibi za ku zo ta sa lalle. Ta fito da zanen da ka aiko mata da sallar bara, wanda ta ce ba za ta ɗaura ba sai da dalili. Ranar kuwa tun da hantsi ta shirya ta zauna a gaba. Baba Chindo ma ya zo, don mai gari ya aika a kira shi, ya zauna can gefe. Na ce a raina wataƙila in ta yi karatun nan ta ga fuskarka, abin da ta biya zai zame mata da sauƙi.

Sai ka tashi kana yi wa baƙi jawabi da Faransanci. Ka manta ni ma na yi lakol. Na ji ka ɗauko abin da na rubuta maka cikin baƙin ciki ka mai da shi abin ado. Ka ce ga mahaifiyarka nan, wadda al'ada ta hana ta furta sunan mijinta tsawon rayuwarta, amma manhajarku ta sa ta karya wannan shinge. Baƙi suka gyaɗa kai, matar nan mai tabarau da ke cikinsu ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Inna ba ta jin Faransanci, tana ta murmushi don ta ga kana nuna ta. Sannan ka juyo ka ce mini da Hausa in buɗe darasi na bakwai su gani da idonsu. Na ƙi motsi, ka zo ka buɗe da kanka.

Hoton ya fito. Na ga murmushin ya bar fuskarta. Ta dubi baƙaƙen, ta dubi mai gari da Baba Chindo da matan da ke tsaye bayan zana, sannan ta dube ka. Ta tashi tsaye yadda ta yi niyya tun farko, ta gyara mayafi, ta ce a yi mata haƙuri, ita tsohuwa ce, idonta ba ya gani, ba ta iya karatu ba. Ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki. Ka bi ta kana kira, ba ta fito ba. Uwarmu ta yi ƙarya a gaban gari, ta zaɓi a ce mata jahila.

Da na gama gyaran na je na gaya mata an cire, yanzu ba abin da zai tare ta. Ta ce madalla, Allah ya amfana wa masu zuwa. Na aika wa Talatu, ta ce sai bayan damina ta gani. Inna ba ta sake shiga rumfa ba, in za ta turken awaki ma ta bayan rumbu take zagayawa. Zanen ta wanke ta ninke ta mayar cikin akwati. Ba ta ce kada a kira ka ba, ba ta kuma tambaye ka ba.

Jiya da hantsi na fito zan ɗebo ruwa, sai na same ta a bayan rumbu ta durƙusa gaban buhun takin da aka kawo don shuka. Yatsanta na bin rubutun da ke jikinsa, leɓɓanta na motsi, tana haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ita kaɗai, kuma daidai take haɗa su. Da ta ji takuna sai ta juya buhun ta ce ɓera take dubawa ko ya huda shi.

Ta iya karatu, Mudassir. Abin da ka ƙera ya yi aiki, kana iya rubutawa a rahotonka. Kai ne dai ba za ka taɓa ji ba.

A gaida Rahina. In ta sauka a sanar da mu.

Yayarka,
Hasiya